Littafin hanya: mota mai ɗaki daga Sioux Falls zuwa Medora

3 ga Satumba, Sioux Falls

Aikin da muka sa a gaba shi ne tuƙa mota mai ɗaki, irin wadda Amurkawa ke kira RV, daga gabashin Dakota ta Kudu zuwa yammacin Dakota ta Arewa, muna rubuta abin da take sha da abin da ke lalacewa a hanya. Tambayar da muke son amsawa da lamba guda ce: kwana nawa mutum uku za su yi a cikinta ba tare da an jona mata wuta ko ruwa ba.

Tsawon motar ƙafa 25, faɗinta ƙafa 8 da inci 4 ban da madubai, tsayinta ƙafa 11 da inci 3 idan an haɗa da esin da ke kan rufi. Mun rubuta tsayin a takarda mun manna a gaban direba, domin bakin gada ba wurin tsayawa tunani ba ne. Tankin fetur galan 55 ne, wato lita 208. Na ruwan sha galan 40, na ruwan wanka da wanke-wanke galan 28, na bayan gida galan 27. Batura biyu na ɗaki, kowanne amfiya-awa 100, da faifan sola na wat 200, da janareta na wat 4,000 mai shan fetur daga tankin motar.

Kafin komai mun hau sikelin manyan motoci da kaya cike, ruwa cike, mutane a zaune. Ƙafafun gaba fam 4,060, na baya fam 8,380, jimla 12,440. Iyakar da aka buga a jikin ƙofa 12,500 ce, ta ƙafafun baya kuwa 8,500. Saura ƙiris ke nan. Tankin ruwan sha yana bayan tayoyin baya, kuma cikensa ya kai fam 334, don haka muka zubar da galan 25, muka dawo da akwatin kayan gyara da buhun shinkafa kusa da kujerun gaba. Za a cika ruwa idan an kusa masauki.

Tayoyi shida ne, huɗu a baya bibbiyu. Ana auna iskarsu da safe kafin motar ta motsa, kuma lambar da ke jikin ƙofa ake bi. Kayan abinci na halal duk a nan muka saya, domin daga nan sai ƙananan garuruwa.

4 ga Satumba, Sioux Falls zuwa Chamberlain, mil 140

Babbar hanya mai lamba 90 ta miƙe yamma ɗoɗar. Doka ta yarda a yi gudun mil 80 a awa, mu a 62 muka tsaya. Gaban motar nan kamar bango yake, duk ƙarin mil biyar a gudu ana ganinsa a gejin mai.

Hagu da dama masara ce da waken suya, iyakar ganin ido. Masarar ta fara bushewa daga ƙasa, wasu gonakin ana yankanta ɗanya don abincin shanu. Gonakin duk murabba'i ne saboda yadda gwamnati ta auna ƙasar tun farko: mil ɗaya tsawo mil ɗaya faɗi, eka 640, sannan dokar 1862 ta ba duk wanda ya zauna ya noma na shekara biyar kashi ɗaya cikin huɗu, eka 160. Shi ya sa kusan kowane mil akwai hanyar burji da ta nufi arewa sak ko yamma sak. Wannan yana da amfani wajen salla. Alƙibla daga nan arewa maso gabas take, kimanin digiri 36 zuwa 40 daga arewa, kuma hanyar gona ta isa ta nuna maka arewar ba sai da waya ba.

A gidajen mai na wannan yanki a kula da kan famfo. Akwai mai da ake kira E85, wanda yawancinsa sinadarin masara ne, yana da arha, amma injin da ba a ƙera don shi ba bai kamata ya sha ba, janareta ma haka. Fetur mai lamba 87 muke zubawa, wato lambar ingancin mai da ake rubutawa a jikin famfo.

Mun tsaya a garin Mitchell, mafita ta 332 daga babbar hanya, don ganin ginin da ake lulluɓe bangonsa da zanen zangarniyar masara mai launuka fiye da goma. An fara al'adar a 1892, ginin yanzu na 1921 ne. Awa ɗaya ta isa. A ajiye motar a filin manyan motoci a ƙarasa da ƙafa, titunan cikin gari ba na juya ƙafa 25 ba ne.

Wurin hutawa na mil 264 ya fi cancantar tsayawa. Daga kan tudu ana hango Kogin Misuri, ga mutum-mutumin ƙarfe na wata mace 'yar asalin ƙasar, tsayin ƙafa 50, wanda aka kafa a 2016. Mai: galan 14.6, wato mil 9.6 a galan, ko kilomita 4.1 a lita.

Da dare bireka ta faɗi sau biyu. Wutar sansanin amfiya 30 ce a kan bolt 120, wato wat 3,600 gaba ɗaya. Esi yana jan kusan amfiya 13, tukunyar ruwan zafi idan tana kan lantarki 12, aka ƙara butar shayi mai jan 12. Lissafin ya wuce. Mun mayar da ruwan zafi kan gas, shi ke nan.

5 ga Satumba, Chamberlain zuwa Cedar Pass, mil 142

Da an haye kogi ƙasa ta sauya. Masara ta ja baya, sai makiyaya mai tudu da gangare, da manyan dunƙulen ingirici a jere, da karan alkama da aka girbe tun Yuli. Furen rana, wanda ake matsar mai daga 'ya'yansa, ya riga ya zubar da fure ya sunkuyar da kai, sai Oktoba za a shiga girbinsa. Akwai dawa ma, jajawur, amma gajera ce, da kyar ta kai ƙirji, an zaɓo irin ne don injin girbi ya iya kamawa. Wanda ya saba da dawar da ke ɓoye mahayin doki zai ɗauka ciwo ya kama ta. Kusa da Presho ake tsallake layin digiri 100 na yamma, wanda tun ƙarni na 19 ake ɗauka a matsayin iyaka tsakanin ƙasar da ruwan sama ke isar noma da wadda ba ya isa.

Iska ce labarin yau. Tun hantsi ta taso daga arewa maso yamma, mil 25 zuwa 30 a awa, da bugu sama da haka. Ba itace ba dutse da zai tare ta. Sitiyari ya kwana a karkace, kuma duk tirelar da ta wuce sai ta fara ture motar zuwa dama sannan ta jawo ta hagu. Maganinsa a sassauta ƙafa tun ana hango ta a madubi, a riƙe da hannu biyu, kada a fizgi sitiyari. Mun sauko zuwa 55. Duk da haka mai ya tafi galan 19.2, mil 7.4 a galan, kilomita 3.1 a lita. Wani ɓangare na asarar hawa ne da ido ba ya gani: Chamberlain tana kusan ƙafa 1,400 sama da teku, garin Wall kusan 2,800.

Bayan Murdo agogo ya koma baya da awa ɗaya. A duba waya a tabbata ta sauya, musamman mai lissafin lokutan salla da ita.

Fari sun cika gaban lagireto, gejin zafi ya ɗan ɗaga fiye da inda ya saba. A Kadoka muka bari injin ya huce, muka share su da burushi mai laushi da ruwa marar ƙarfi. Ruwa mai matsi yana lanƙwasa siraran haƙoran lagireto.

Mafita ta 131 ce ta shiga gandun Badlands ta ƙofar arewa maso gabas. Dala 30 mota ɗaya, na kwana bakwai. Gangaren Cedar Pass gajere ne amma yana da kwana. Mun sa ƙaramar giya tun daga sama, muna taka birki da ƙarfi na ɗan lokaci a saki, maimakon ɗora ƙafa a kai har ƙasa.

6 ga Satumba, Cedar Pass

Sansanin yana da wurare kusan 96, wasu da wuta, amma ba famfo a gindin mota. Ana cika tanki a wuri guda, a nan kuma ake zubar da ƙazanta. Inuwa babu, sai 'yar rumfar da ke kan tebur.

Firij bai yi sanyi ba da safe, geji ya nuna digiri 9 a ma'aunin Salshiyos, alhali bai kamata ya wuce 4 ba. Irin firij ɗin nan ba shi da kwamfreso. Zafi ne ke tafasa ruwan amoniya ya hau, sannan ya gangaro da nauyinsa ta cikin bututu. Idan motar ta karkace fiye da digiri 3 ruwan yana taruwa wuri ɗaya, sanyi ya tsaya, idan aka daɗe a haka bututun ya toshe har abada. Lebur ya nuna gefen dama ya yi ƙasa. Katako biyu na inci 2 a ƙarƙashin tayar gaba, da biyu a ƙarƙashin tayoyin baya, ta ciki da ta waje duka. Wanda ya ɗora ta waje kaɗai ya bar mata nauyin biyu. Zuwa la'asar ya sauko 4.

Tsaunukan nan ba dutse mai tauri ba ne, laka ce da yashi da tokar aman wuta da suka danne juna, shi ya sa ruwa ke cinye kusan inci ɗaya duk shekara. Daga ƙasa zuwa sama ana karanta su kamar shafuka: baƙar laka ta ƙasan teku mai shekara miliyan 75 zuwa 69, sai tsohuwar ƙasa mai ruwan ɗorawa da ja, sai mai ruwan toka ta shekara miliyan 37 zuwa 34, sai mai jajayen ratsi, can sama farar toka. Ƙasusuwan da ake samu na kakannin doki da raƙumi da karkanda ne. Ɗaukar ko da guntu laifi ne, ana barinsa inda yake a sanar da ma'aikata. Lakota, masu ƙasar tun asali, suna kiran wurin mako sica, mummunar ƙasa, kuma ɓangaren kudu na gandun yana cikin yankinsu na Pine Ridge.

Hanyoyi uku na tafiya da ƙafa suna tashi daga fili ɗaya mai ɗaukar dogayen motoci. Door kashi uku cikin huɗu na mil ne zuwa da dawowa, Window ɗan taku ne, Notch mil ɗaya da rabi da tsanin gungume. Notch ya fi kyau, amma ba na mai jiri ba ne, kuma bayan ruwa ba a hawansa. Lita ɗaya ta ruwa ga kowane mutum duk awa, da takalmi rufaffe saboda maciji mai ƙarau a wutsiya.

7 ga Satumba, hanya ta 240 zuwa Wall

Mil 39 ne daga mafita zuwa mafita, mun ci awa huɗu da tsaye-tsaye. Motar ƙafa 25 tana shiga kusan duk wuraren tsayawa idan an fito kafin ƙarfe tara. Abin kula shi ne gindin motar: daga tayoyin baya zuwa ƙarshe ya kai ƙafa takwas, idan ka karya hagu yana lilo zuwa dama ya kwashi abin da ke gefe. A wurin kallo na Pinnacles akwai ragunan dutse a bakin kwalta. An dawo da su gandun a 1964, ɓauna kuwa a 1963.

Mun gwada hanyar burji ta Sage Creek mil biyar, zuwa garin kuregu, wasu dabbobi masu haƙa ramuka gari guda suna haushi kamar 'yan kwikwiyo. Kada a matsa kusa da ramukan, ƙumansu na ɗauke da annoba. Gargadar hanyar ta kwance sukurori biyu na ƙofar kabad, ƙura kuma ta shigo ta bayan motar har kan gado. Dalili, an bar tagar rufi a buɗe, ita kuma tana zuƙe iskar ciki, sai ƙura ta biyo ta kowace kafa don cike gurbi. A rufe tagogin rufi, a kunna fankar gaban mota tana jawo iskar waje. Sansanin kyauta da ke ƙarshen hanyar ba ya karɓar abin da ya wuce ƙafa 18, don haka muka juyo. Ɓauna sun tare hanya minti ashirin. Ƙa'idar gandun ƙafa 100 ce tsakaninka da su, kuma ba a yi musu hon.

A Wall mun cika mai da gas da ruwa. A wannan yanki ana sayar da fetur mai lamba 85 (ba E85 ba) a matsayin na talaka, littafin motarmu 87 ya ce, sai mu ɗauki na tsakiya. Tukunyar gas kashi 80 cikin ɗari ake cikawa, sauran wurin faɗaɗa ne idan rana ta yi zafi.

8 zuwa 10 ga Satumba, bakin gaɓa, Buffalo Gap

Kimanin mil shida kudu da Wall akwai hanyar ƙasa da ke bin bakin gaɓar, a cikin makiyayar gwamnati ta Buffalo Gap. Kwana kyauta ne har kwana 14, ba ruwa, ba masai, ba kwandon shara. Nan gwajin ya fara, da ruwa galan 40 da batura cike.

Mun ajiye motar ƙafa 60 daga baki, hancinta na kallon inda iska ke fitowa. Bakin gaɓar yana zubewa, kuma motar da ta ba iska gefe rawa take yi har asuba. Rumfar gefe ba mu buɗe ta ba ko sau ɗaya. Ciyawar da ke ƙarƙashin salansar janareta mun tattake ta mun share, domin busasshiya ce kamar harawa.

Ruwa: rana ta farko galan 12, ta biyu 8, ta uku 8. Bambancin ya fito daga abu uku. Wanka da bokiti, lita shida mutum ɗaya, maimakon shawa. Kwanuka a goge maiƙonsu da takarda kafin wanki, a wanke a roba biyu. Alwala da buta a waje, wadda ta rage wa tankin ruwan wanka kusan galan biyu a rana. Tsarki da buta kuwa yana cika tankin bayan gida da sauri fiye da lissafin masu ƙera motar, amma yana da ribarsa, domin tankin da ke da isasshen ruwa ba ya daskarewa ya yi tudu a ƙarƙashin bututu.

Wuta ce ta fi ba da wahala. Irin baturan nan masu ruwa ba a sauke su ƙasa da rabi, wato bolt 12.2 idan an auna ba komai a kunne, don haka amfiya-awa 100 kawai ke hannu. Rana zafi digiri 31, dare ya sauko 7. Hita gas take ƙonawa amma fankarta tana jan amfiya 7, awa huɗu a dare 28 ke nan. Allon firij da na'urar jin warin gas suna lasar kusan 20 a yini ko kana barci. Fankar rufi 12, fitilu da famfo da cajin waya 12. Jimla kusan 72, sola kuma ya mayar da 55 a rana mai haske, 21 a ranar gajimare. Bayan dare na farko bolt 12.3, bayan na biyu 12.0. Janareta awa biyu ya ɗaga su. Dare na uku mun kashe hita mun ƙara bargo, aka wayi gari a 12.4. Bargo ya fi sola arha.

Daren 9 ga wata rediyon yanayi, wanda ake kamawa tsakanin megahaz 162.400 da 162.550, ya ba da gargaɗin hadari. A ƙa'idarsu ana kiran hadari mai tsanani idan iska ta kai mil 58 a awa ko ƙanƙara ta kai inci ɗaya. Ba abin wasa ba ne a wannan jiha: a garin Vivian da muka wuce aka tsinci ƙanƙara mai faɗin inci 8 a ranar 23 ga Yuli 2010. Sanarwar da sunan gunduma take zuwa, don haka a san gundumar da ake ciki tun da rana. Nan Pennington ce. Ƙanƙarar ta bi ta arewa, mu ruwa muka samu na minti arba'in.

Ruwan bai kai a kira shi mamako ba, amma ya isa. Yankin nan kusan milimita 400 yake samu a shekara, kamar na wajen Damagaram, sai dai ƙasarsa yumɓu ce mai kumbura. Da ta jiƙa samanta ya zama sabulu, ƙasanta ya zama danƙo. Taku goma takalmi ya ɗauki laka mai kaurin tafin hannu. A mota lakar tana cusa kanta tsakanin tagwayen tayoyin baya har zanen taya ya ɓace, daga nan sitiyari da birki duk ado ne, ga gaɓa a gefe. Wata motar ɗaukar kaya mai jan tirela ta gwada fita da sassafe, ta yi mita hamsin ta juya gicciye. Mun zauna har azahar ta 10 ga wata. Gwajin da muka yi kafin tashi: a taka da dunduniya a murza, idan ƙasa ta farfashe a tafi, idan ta yi santsi a koma a dafa shayi. Duk mai shiga nan ya bar ruwa da abincin kwana ɗaya da bai sa a lissafi ba.

Ruwan ya kuma tona wani ɗigo a kusurwar gadon da ke saman direba. Abin toshiyar da ke kewaye da fitilar gaba ya tsage. An kankare tsohon, an goge da barasar goge-goge, an zuba sabo irin na rufin mota. Silikon na banɗaki ba ya kama wannan rufi.

11 ga Satumba, Rapid City

Ranar zubar da tankuna da wanki. Safar hannu, a jona tiyo a ramin tukuna sannan a jikin mota, a buɗe bawul na bayan gida, idan ya gama a rufe, sannan na ruwan wanka don ya wanke tiyon. A zuba galan uku na ruwa a masai kafin a tashi. Gejin tankin ya ci gaba da nuna kashi biyu cikin uku bayan an zubar. Takarda ce ta manne a kan ma'aunin cikin tanki, ba a yarda da shi. Leƙawa da tocila ta fi gaskiya.

Iskar tayar baya ta ciki, gefen hagu, ta sauka daga 80 zuwa 62 a geji. Ruwan sabulu ya nuna kumfa a mahaɗin ƙarin bututun bawul, gargadar Sage Creek ce ta sassauta shi. Da ido ba za a gane ba, domin ta waje tana ɗauke da ita, har sai ta yi zafi ta fashe.

Ba mu shiga hanyar Needles ta tsaunukan Black Hills ba. Akwai ramin dutse a kanta da faɗinsa bai kai ƙafa 9 ba.

12 ga Satumba, Belle Fourche zuwa Medora

Hanya ta 85 mai layi biyu ce. Daga Belle Fourche zuwa Buffalo mil 70 ne kusan ba gidan mai, don haka a cika kafin a fita. Akwai wani dalili ma: bututun janareta a cikin tanki gajere ne da gangan, yana daina samun mai idan tanki ya sauka kashi ɗaya cikin huɗu, don kada ya shanye na tafiya. Shanu, tumaki, barewa, sai tsaunuka masu shafaffen kai can nesa. Kusa da Amidon ana hango White Butte, wuri mafi tsayi a Dakota ta Arewa, ƙafa 3,506. Bayan Bowman gonakin alkama sun dawo, da akwatunan zuma a jere a gefen gona. Jihar ce ta fi kowace samar da zuma a Amurka.

Iska ta bayanmu ce yau: mil 10.3 a galan. Mota ɗaya, nauyi ɗaya, tsakanin 7.4 da 10.3. Wanda zai yi kasafin mai ya yi a kan 8.

A Belfield aka hau babbar hanya ta 94, aka tsaya a Painted Canyon, mafita ta 32.

13 da 14 ga Satumba, Cottonwood, gandun Theodore Roosevelt

Zaizayar nan ta bambanta da ta kudu. Tudun sun fi zagaye, da ciyawa da itatuwa a gefen da ke kallon arewa, da baƙin ratsi na gawayin ƙasa. Idan tsawa ko gobarar daji ta kunna wannan gawayi yana iya ci shekaru a ƙarƙashin ƙasa, ya gasa yumɓun da ke samansa ya koma ja kamar tubali. Shi ake farfasawa a zuba a hanyoyin yankin. Yana da kaifi, a tafi a hankali don tayoyi.

Roosevelt, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, ya zo nan farautar ɓauna a 1883, shekarar da aka kafa Medora, ya dawo kiwon shanu a 1884 bayan matarsa da mahaifiyarsa sun rasu rana ɗaya. Bukkarsa ta katako tana bayan ofishin baƙi a bakin ƙofa.

Sansanin yana bakin kogin Ƙaramin Misuri, kimanin mil biyar daga gari. Ba wuta, ba wurin zubar da tanki, a shigo da tankuna wayam. Inuwar manyan itatuwa tana da daɗi amma ta kashe sola: amfiya-awa 18 kacal. Janareta yana da awanninsa da aka rubuta a allo, da dare ba a kunnawa. Ɓauna suna ratsa tsakiyar sansanin, a leƙa ta taga kafin a buɗe ƙofa. Dawakan daji sun fi fitowa a gabashin hanyar zagaye da yamma.

Wutar tukunyar ruwan zafi ta mutu sau uku. Gizo-gizo ya yi saƙa a cikin bututun gas, harshen wuta ya koma rawaya mai hayaƙi. An kashe gas, an zura siririn burushi, ya dawo shuɗi.

15 ga Satumba, ɓangaren arewa na gandun, sansanin Juniper

Mil 50 da ɗoriya daga Belfield a kan hanya ta 85, cikin tankokin ɗanyen mai na yankin Bakken. Suna da sauri, a ba su hanya a duk inda kafaɗar titi ta yi faɗi. Da an haye kogi agogo ya sake gaba da awa ɗaya. Hanyar kallo mil 14 ce zuwa Oxbow, a dawo ta inda aka bi, da hawa mai tsawo da ke son giya ta biyu. Akwai wurin zubar da tanki a Juniper lokacin da ba sanyi.

Inda lissafi ya tsaya zuwa yau: ruwan sha kwana huɗu da rabi a kan galan 9 a rana, tankin ruwan wanka kwana huɗu, na bayan gida biyar. Batura dare biyu da hita, ba iyaka idan ba hita kuma akwai rana. Gas ya ci kashi ɗaya cikin uku a kwana takwas. Don haka kwana huɗu ne, uku idan an ware na jiran laka.

Saura a sake hawa sikeli da tankunan ƙazanta cike, domin nauyinsu ma a baya yake. Facin rufi bai ga ruwa ba tukuna. Tayar hagu ta riƙe 80 kwana huɗu, gobe da asuba za a sake aunawa kafin a kama hanyar Dickinson.